Ruwan Ƙarƙashin Yashi

Laraba, ƙarfe huɗu, a Marwa.
Ɗan ofis ne bayan asibiti,
fankar sama na juyi tana ƙorafi.
Kujeru uku. Madam Asta ta ja ɗaya gefe,
ta juya biyun su fuskanci juna.
Ta ce, "Ba ni kuka zo gani ba."

Na kafa ido kan takalmin Tasalla.
Ashe igiyarsa ta tsinke,
an ɗinke da shuɗin zare.
Yaushe? Ban sani ba.

Ita ta fara, kamar kullum,
harshe ya sha washi tun daga gida:
ba ya magana, ba ya zama,
ko motarsa ta fi shi baki.
Na jawo shiruna na lulluɓa.
Na haddace wannan faɗa, na san maƙurarsa:
ita a ɗaki da kwanon da ba a buɗe ba,
ni a tasha, gaban mai shayi.

Madam ba ta ce ga mai gaskiya ba.
Ta bar wutar ta ci itacenta,
sannan ta sassauta murya:
"Tasalla, in ya juya baya ya fita,
kafin fushi ya iso,
wa ke riga shi sallama?"

Babur ya wuce a waje.
Wani ya biyo shi.

"Sanyi," in ji ta, ta dafa ƙirji.
"Irin na daren da Sabitu ya tafi.
Yana hannuna, jikinsa na hucewa,
wayar Ilu na ta cewa ba a samunsa."

Daren nan ina gaba da Figil,
taya ta fashe, dare ya raba,
buhun albasa ɗari biyu a bayana.
Ko da na iso, an dawo daga maƙabarta.
Aka ce mini sai haƙuri,
na karɓa na haɗiye, da ƙashi da tsoka.

"Ilu, me kake ji yanzu?"
Na ce ba komai.
Ta ce, "Hannunka na rawa. Tambaye shi."

Shekara sha biyu ina jigilar albasa,
ba ta taɓa sa ni hawaye ba.
Na dubi Madam, maganar ta kuɓuce:
"In na kalle ta, idonsa nake gani.
Ina tsoron ranar da za ta ce, ina kake?
Ba ni da amsa,
shi ya sa nake tada mota kafin assalatu."

"Ni ba matarka ba ce," in ji Madam.
"Ga ta nan. Maimaita."

Hawan dutsen Ngaundare da cikakken lodi
bai kai wannan taku ɗaya nauyi ba.
Na ɗaga kai. Na maimaita.
Muryar ta karye a tsakiya, na ɗaure ta, na ƙarasa.

Tasalla ta daɗe tana murza bakin gyale.
"Ni na zaci laifina kake gani.
Na zaci ka ce ban riƙe shi da kyau ba."

Shekara biyu, gado ɗaya,
kowa na gadin tsoronsa,
ya ba wa ɗan'uwansa baya.

Ba mu hau babur ba, muka tako.
Mayo Kaliyaw ya bushe ƙayau,
yashi fari har iyakar gani.
Wata yarinya ta durƙusa tana tono da ƙoƙo,
kamu ɗaya, kamu biyu,
sai ga danshi, sai ga ruwa yana tsattsafowa,
gurɓatacce tukuna.
Ta zauna tana jira ya kwanta.

Kada in yi ƙarya:
ran Asabar mun sake yi, kan kuɗin gawayi.
Murya ta hau, ƙafata ta nemi ƙofa,
makullin mota har ya shiga hannu.
Sai ta ce, ba da ƙarfi ba,
"Ilu, sanyin nan ne."

Na tsaya.
Na kifa turmi na zauna.
Ban san me zan ce ba,
na ce ta miƙo takalmin in gani.